Kilo Nawa Kike, Burul?

Bosteri, farkon watan Yuni

Baban Sezim,

Sallama daga bakin tafki zuwa tsakiyar teku. Ina fata sanyin Kamcatka bai cinye maka sauran gashin kai ba, kuma gwiwar nan taka ta bar ƙara idan ka durƙusa. Mu nan lafiya ƙalau. Ata, mahaifinka, yana nan da ƙarfinsa, tarin da ya dame shi da hunturu ya tafi tun da aka fara sauko masa da nonon goɗiya daga kan dutse. Saniya ta haihu, mace. Ƙanenka Ƙaramin Yaro ma lafiya, sanƙonsa ya kusa kai ƙeya. Jiya yake roƙona wai in sake masa suna, ya girma. Na ce bakina bai taɓa kama sunan dangin miji ba, kuma wanda na raɗa masa ranar da aka kawo ni gidanku da shi zai tsufa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mai horar da 'yan wasan allon ruwa na Kapcagai, wanda ya ga Sezim bara, ya aiko takarda. Yana so ta je wurinsu a watan Agusta, cikin matasan da yake shiryawa gasa. 'Yarka ta karanta takardar har ta yage a wajen naɗi. Ni ma na yi murna, sai da na tuna cewa babu mai fita ƙofar gidan nan da jaka sai Ata ya ɗaga hannu ya sa albarka.

Ƙaramin Yaro na tura ya faɗa masa, ni ina laɓe bayan ƙofa da butar shayi. Ata ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Jikata a kan katako, ana janta da igiya kamar ɗan maraƙi? Ta tafi Karakol ta koyi aikin akanta, mutane su riƙa gaishe ta."

Sezim ta durƙusa a gabansa ta ce, "Ata, ba ka taɓa gani ba fa. Ko sau ɗaya."

Ya daɗe yana juya ƙoƙon shayi a hannu. Can ya ce, "To, zan gani. Idan ta zauna a kan abin nan yadda mahayi ke zama a kan doki, ta tafi. Idan ruwa ya kayar da ita, Karakol." Ka san mahaifinka, maganarsa ba ta da ƙanwa.

Matsalar ita ce jirginka. Tun da ka tafi a lokacin kaka, ba abin da yake yi sai yawo da masu hutu. Ƙaramin Yaro ya iya sitiyari, amma ban da ba da wuta bai san komai ba. Sezim ta gwada sau biyu, ta ce tudun ruwan da jirgin ke bari a baya ya kwanta, ba irin wanda kake tayar mata ba ne, ba ta samun abin takawa ta tashi sama. Kai kaɗai ka san sirrin, kuma ka kwashe shi ka tafi kamun kifi. Ka rubuto mana dalla-dalla, yadda ko ƙanenka zai gane.

Na saƙa maka safa biyu, suna cikin ƙunshin. Ina kewarka, ko da yake gadon ya fi faɗi yanzu.

Taka,
Burul

*

Cikin jirgin kifi, ƙarshen Yuni

Tsohuwata Burul,

Wasiƙarki ta iso tare da jirgin da ke zuwa kwasar kifi, kuma na karanta ta a tsaye, da safar hannu mai ƙarni. Na gode Allah da jin lafiyarku. Ki gaishe mini da Ata da kyau, ki ce ɗansa yana neman addu'a. Gwiwata tana nan tana waƙarta. Safa sun yi mini daidai, har wani abokin aikina ya yi tayin saye, na ce ko da albashinsa.

Labarin Sezim ya hana ni zama wuri ɗaya. Ba zan tsallake maganar Ata ba, ke ma kin sani. Abin da zan iya shi ne in gyara mata ruwa daga nan. Ki zaunar da Kubat, Ƙaramin Yaron naki, ki karanta masa wannan sau biyu.

Nauyi ne ke yin tudu. Jirgi mara kaya shawagi kawai yake a saman ruwa, ba ya ture komai. Idan ya ɗan nutse, sai ya ture ruwa gefe da gefe, tudu biyu su tashi a bayansa, ɗaya hagu ɗaya dama. A rumfar bayan gida, sama da tsofaffin tayoyi, akwai salkunan roba guda uku da ƙaramin famfo. Manyan biyu a kwantar da su a baya, kowace a gefe ɗaya na inji. Ƙaramar a sa ta a hancin jirgi. A cika su da ruwan tafki har su yi tauri.

Kada Kubat ya yi haɗama ya jibge komai a baya. Hanci zai ɗaga sama, ba zai ga gabansa ba, tudu kuma zai miƙe tsaye ya riƙa cillar da yarinya maimakon ya ɗaga ta. Idan nauyi ya yi yawa a gaba, tudun zai kwanta. Baya ya ɗan fi gaba, shi ke nan.

Abin da ya fi komai shi ne hagu da dama su zo daidai. Mutum ɗaya ya juya ya riƙa kallon baya. Tudu mai kyau sumul yake, bakinsa a tsaye. Duk gefen da kuka ga ya farfashe ya zama kumfa, wannan gefen ne nauyi ya gaza, sai a matsar da kaya ko mutum can. Ki tuna Sezim daga tudun hagu take tashi, shi za ku fi lura da shi. Mutanen da ke ciki ma kaya ne, da su ake lissafi. Akwai ƙaramin ƙarfe kusa da sitiyari da aka rubuta iyakar nauyin da jirgin ke ɗauka, kada a wuce shi ko don wa. Kowa ya sa rigar ruwa, har Ata, ko zai yi faɗa. Gudu kuma kada allura ta wuce ɗigon da na yi da jan farcenki.

Ana kira a sama, jirgin da zai kai wannan zai tashi. Af, kafin in manta: kilo nawa kike yanzu? Ki je ki hau ma'aunin rumfar mai nama ki rubuto mini, kada ki rage ko ɗaya.

Mijinki,
Sagin

*

Bosteri, Yuli

Zuwa ga mai jirgi,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya. Ata lafiya, saniya lafiya, 'yarta lafiya. Ni ma ina nan, da duk kilo-kilona.

Kusan shekara ba ka sa ni a ido ba, na cika maka takarda da kewa, na haɗa da safa, kai kuma abin da ya dame ka a ƙarshen wasiƙa shi ne in je in hau ma'aunin mahauta, layi ɗaya da cinyar sa. Ko wata siririya ka gani a tashar Kamcatka kake gwadawa? Ba zan hau ba. Amma ka sani na bar cin borsok, fanken nan namu, na bar man shanu a shayi, ni da nake soya wa gida tudu guda ina kallo da ido. Ƙaramin Yaro ya tambaye ni ko azumin nafila nake, na jefe shi da ludayi.

Yanzu ga labarin da ya fi wannan ɗaci. An yi gwajin, kuma ya lalace.

Mun bi maganarka tiryan-tiryan. Da sassafe muka cika salkunan, Sezim ta hau allo, tudu ya tashi sumul hagu da dama, ta tsallake duka biyun tana ihu. Na ce shi ke nan, mun gama. Da hantsi sai ga Ata ya sauko bakin ruwa da kalpak, hularsa ta zuwa biki, kuma ba shi kaɗai ba. Ya gayyato abokansa biyu su zama shaidu, Mai Sanda da Mai Haƙorin Gwal. Ya leƙa cikin jirgi ya ga salkuna sun yi tim, ya zungure ɗaya da ƙafa.

"Mene ne wannan?"

Ƙaramin Yaro ya ce, "Ruwa ne, Ata."

"Ruwa. A cikin jirgi. Kai da hannunka ka zuba?"

"I, Ata, Yaya ne ya ce..."

"Ni tun da nake, mai hankali kwashe ruwa yake daga jirgi. 'Ya'yana su ne masu zubawa ciki. A tsiyaye shi, ko in koma gida."

Mai Haƙorin Gwal har da riƙe ciki don dariya. Haka muka tsaya muna kallo ruwanmu yana komawa inda ya fito. Rigar ruwa kam ya yarda ya sa, bayan Sezim ta ce ta yi masa kama da janar.

Sai batun zama. Ka san yadda ake hawa, hancin jirgi ne a kan yashi, ta nan ake shiga. To a wurin Ata, inda aka shigo nan ne ƙofa, doguwar kujerar baya mai laushi kuwa ita ce tor, mazaunin girma. Ya wuce kai tsaye ya zauna a tsakiyarta. Abokansa suka jeru a ɓangaren maza, wato gefen da direba yake. Ni kuwa ina kelin, matar ɗa, za ta zauna in ba bakin ƙofa ba? Na takure a hanci da filas da kwanon borsok. Ba wanda ya ce wa kowa ga wurinka, kowa ƙafarsa ce ta kai shi.

Tun kafin mu yi nisa na ji jirgin ya karkace dama, har shayi na neman zubewa ta gefe ɗaya. Tudun dama ya tashi kyakkyawa. Na hagu kuwa, wanda 'yarka ke takawa, ya zama kumfa zalla. Ta shigo da gudu, allo ya nutse a ciki, ta kife. Ta tashi, ta sake, ta sake kifewa. A na uku da fuska ta sha ruwa, har na ji ƙarar a haƙorana. Na tuna abin da ka rubuta sarai, gefen kumfa shi ke son nauyi. Amma wa zai buɗe baki ya ce wa dattawa uku su tashi su sake wuri? Ƙaramin Yaro ya dube ni, na dube shi.

Mai Haƙorin Gwal ya ce, "Kai, jikarka ta iya wanka."

Ata bai yi dariya ba. Da muka sauka ya ce, "Na gani. Karakol." Ya kama hanyar gida.

Sezim ba ta yi kuka a gaban mutane ba, jininka ce. Ta ɗora allon a saman rumfa, inda salkunan suke, ta ce in saya mata jakar littattafai. Zuciyata ta karye, Baban Sezim. Yarinyar nan ba ta faɗi ba, mu ne muka kayar da ita da zamanmu.

Sai ka ga damar rubutowa.

Burul

*

Bosteri, ƙarshen Yuli

Baban Sezim,

Lafiya muke, in ka damu ka sani. Motar wasiƙu ta zo ta koma har na gaji da leƙe. Ko fushi ka yi da maganar siririya, ko kuwa ka ji hukuncin mahaifinka ka ce ya yi daidai, ka ja bakinka? Idan na biyun ne ka faɗa mini, in san ni kaɗai ce a gefen 'yata.

Ga abin da ya faru. Mai Haƙorin Gwal ya maida labarin abin hira a majalisarsu. Kullum sai ya kwaikwayi faɗuwar Sezim da hannu, yana cewa a danginsu ko mata ba sa faɗowa daga kan abin hawa. Jiya Ata ya dawo gida hularsa a karkace, ya tsaya tsakar gida ya yi magana da bishiyar tuffa, ni ina gindinta ina wanke-wanke. Ya ce, "Juma'ar tsakiyar Agusta za a sake. Da mutanen nan dai, don in rufe bakin wani. Kuma ba ruwa a cikin jirgi. Daga wannan ba wani."

Ban san ko in yi murna ko in ji tsoro ba. Jirgin nan dai shi ne, mutanen su ne, kujerun su ne. Me zai canza?

Siket ɗina ya fara yi mini yawa, sai ka yi farin ciki.

Burul

*

Cikin jirgin kifi, farkon Agusta

Burul, hasken gidana,

Wasiƙunki biyu tare suka zo. Iska ce ta hana jirgin kwasar kifi matsowa kusa da mu, ba fushi ba, ba kuma goyon bayan kowa ba. Lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta na kasa cin abinci, mai dafa mana har ya zaci zazzaɓi ne.

Wace siririya? Nan daga ni sai maza masu warin kifi da tsuntsayen teku. Wallahi ban tambayi nauyinki don in gwada ki da kowa ba. Lissafin jirgi nake. Na san Ata ba zai so salkunan ba, na so in rubuta hakan, aka yi kira a sama na tsallake bayanin na bar tambayar tsirara. Wauta ce tawa, na karɓa. Na so in san nauyin da nake da shi a hannu idan aka hana mu ruwa. Dattawan nan uku duk ƙashi ne da gemu, a haɗa biyu ba su kai ke ba. Ke ce kaɗai nauyin kirki a jirgin nan. Ki koma kan borsok yau ɗin nan, don Allah. Duk kilon da kika zubar, daga tudun Sezim kika yanke shi. Ni kuma tun ranar da na fara ganinki a kasuwar Colpon-Ata kina ciniki da mai zuma, ban taɓa fatan ki ragu da ko ƙwaya ɗaya ba.

Na zana jirgin a bayan kwalin sigari na juya shi ta kowace fuska. Kubat yana dama da sitiyari, ba ya motsi. Ata yana tsakiyar baya, ba mai tayar da shi. Abokansa suna dama. Hagu ba kowa, ke kuma kina hanci kina danne gaba, kina kwantar da ɗan tudun da ya rage. Gyaran ɗaya ne. Mutum mai nauyi ya zauna a kusurwar baya ta hagu, a kan doguwar kujera. Idan aka samu ɗaya daga cikin dattawan ya koma hanci, to ya fi kyau, amma wannan sai addu'a.

Na san abin da kusurwar nan take nufi. Kafaɗa da kafaɗa da Ata, a tor, a gaban abokansa. Tun da kika shigo gidanmu ban taɓa ganin kin wuce murhu ba idan yana ɗaki. Ba zan ce ki yi ba, ba ni da bakin faɗa. Ki gwada buhu, ki gwada dutse, ko me ya samu. Idan bai yiwu ba, ba laifinki ba ne, zan rubuta wa Sezim da kaina.

Ina gefenku, ke da ita, ko da teku na tsakani.

Sagin

*

Bosteri, Agusta

Baban Sezim, tsohon wawana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka koma cin abinci. Mu nan lafiya, har ta yi yawa. Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis da yamma. Na karanta a ɗakin girki, na yi dariya, na share hawaye da gefen ɗankwali, sannan na cinye kwanon borsok guda a tsaye. Na yafe maka, amma mai zuman nan cutata ya so yi, gara da ka gani.

Na bi shawararka ta buhu. Da safe ni da Ƙaramin Yaro muka ɗauko buhun fulawa biyu muka tura ƙarƙashin kujerar hagu, muka rufe da bargo. Ata yana shiga ya ga farin gari a ƙasa. Ya ɗaga bargon da sandar abokinsa.

"Kasuwa za mu?"

"A'a, Ata."

"To yaushe aka fara zama a kan abinci a gidana? A fitar."

Aka fitar. Kowa ya koma inda ƙafarsa ta saba. Ata a tor, abokansa a dama, ni a bakin ƙofa da filas. Sezim ta shiga ruwa ta kama igiya, leɓenta har ya yi fari.

Jirgi ya ja, ta miƙe. Na waiwaya, kumfar nan dai tana nan a hagu. Sezim ta yi nisa gefe kamar za ta shigo, sai ta fasa. Ta sake fita, ta sake fasawa. Ba ta kallon tudu, ni take kallo, daga can ƙarshen igiya. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta yi alama ba. Ta san abin da ba a roƙon uwa.

Mai Haƙorin Gwal ya ce, "Yau ko wankan ma ta ƙi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jirgi na gudu, ina dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya, filas a hammata. Na wuce Ƙaramin Yaro, idonsa kamar zai faɗo. Na wuce gwiwoyin dattawa ina sunkuyar da kai. Tafiyar ba ta fi tsawon tabarma biyu ba, amma ban taɓa yin mai nisanta ba. Na isa kusurwar hagu na zauna, kafaɗata na gogar ta mahaifinka. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi, na kafa ido a kan takalmana.

A jikina na ji jirgin ya daidaita, kamar an gyara wa jaki kaya. Can Mai Haƙorin Gwal ya yi gyaran murya, ya kira sunan Ata ya ce, "Kelinka ta manta hanyar ƙofa."

Na ce yau kashina ya bushe. Na saci kallon Ata. Ba ni yake kallo ba, ya juya gaba ɗaya yana duban baya. Kumfar ta ɓace, tudun hagu ya tashi sumul kamar ɗan'uwansa. Ya dubi tudun, ya dubi inda nake zaune, ya sake duban tudun. Hancin jirgi kuma ya ɗan ɗaga tunda na bar shi, Ƙaramin Yaro na ta miƙa wuya don ya ga gaba.

Sai Ata ya zare filas daga hammatata, ya miƙa wa Mai Haƙorin Gwal. Ya ce, "Ƙofa ba ta zama ba kowa. Tashi ka je can ka zuba mana shayi."

"Ni?"

"Kai. Ka fi mu iya surutu, za mu ji ka daga can."

Mai Sanda ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Mutumin ya tashi yana gunaguni, ya rarrafa zuwa hanci ya zauna a wurina. Hanci ya sauka. Ƙaramin Yaro ya manta da ladabi ya kwarma ihu, "Ya yi! Yanzu ya yi!"

Sezim ta fita can gefe har igiya ta yi tsam. Ta shigo. Baban Sezim, da ka ga 'yarka. Ta taka tudun nan ta tashi, ta tashi, har na ga ƙasan allon da duwatsu masu ƙanƙara a bayansa. Ta juya a sama ƙafa bisa kai ƙasa, ta sauka bayan tudun dama, gwiwa a lanƙwashe, ko girgiza ba ta yi ba. Iska ta ɗauke kalpak ɗin Ata ta jefa a ruwa, ko waiwaya bai yi ba. Sai da ta sauka na lura ya damƙe hannun rigata tun tashinta, shi ma bai sani ba. Ya saki da sauri, muka yi kamar ba a yi ba.

Ya ce, "A sake." Ta sake. Ya ce, "A sake," har mai ya kusa ƙarewa. Da na yunƙura zan koma wurina a hanyar dawowa, bai dube ni ba ya ce, "Zauna, kelin. Kada ki karkatar mana da jirgi."

A bakin ruwa, tana ɗigar da ruwa, ya ɗaga hannuwa ya sa mata albarka, doguwa, har da ta hanya da ta dawowa. Muka shafa. Mai Haƙorin Gwal ya shafa da filas a hammata. Ranar Talata za ta tafi, Ƙaramin Yaro zai raka ta har Kapcagai. Jakar littattafan da na saya ta zuba igiya da rigar ruwa a ciki.

Da yamma Ata ya sa aka yanka rago. Na dafa, na kai, na koma bakin ƙofa ina zuba romo kamar kullum. Shi ke rabon nama, kowa da ƙashinsa gwargwadon girmansa. Da ya zo kan gindin wutsiya mai kitse, wanda tun rasuwar mahaifiyarka ba a ba kowa a gidan nan sai baƙuwa mai daraja, sai ya ɗora a faranti ya ce a miƙa. Farantin ya bi hannu-hannu, ya wuce Mai Sanda, ya wuce matar liman, ya wuce kowa, ya zo ya tsaya a gabana.

Na kasa ɗaga kai. Daga can tor na ji muryarsa.

"Kelin, na ga kin rame kwanan nan. Ban so ba. Ci."

Na ci, Baban Sezim, ina ci hawaye na zuba a cikin romo. Ban bar ko tsoka ɗaya ba.

Yau da safe na biya rumfar mai nama na hau ma'auninsa, a gaban kowa. Tamanin da tara ne. Ka rubuta a kwalin sigarinka, kuma ka bar wuri a gefe, don zai ƙaru kafin ka dawo.

Taka, da duk nauyinta,
Burul